Ranar da Aka Share wa Yayana Dara

Ni mutum ne mai gaggawa tun ina saurayi, kuma tsufa bai rage mini komai ba sai ƙarfin hannu. Ba na son mai jan magana, ba na son mai tauna tuwo kamar yana neman tsakuwa a ciki. Amma wanda ya fi ƙona mini rai duk duniya shi ne mutumin da zai zauna gaban dara, ya ɗaga hannu, ya bar shi a sama, jama'a suna jira. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya zaci ban san dokar gindin gawo ba. Na san ta sarai, kuma a duk Madarumfa babu ƙafar da ta yi mata aiki kamar tawa.

A zamaninmu, da an gama girbi an kai damma rumbu, sai maza su koma gindin wani babban gawo da ke kan hanyar tabki. Gawo da rani yake ganye, don haka inuwarsa tana zuwa daidai lokacin da muke bukatarta. Nan ake haƙa gurabun dara a cikin rairayi. Mutum ɗaya ya riƙe guntayen kara, ɗaya ya riƙe ƙwallon aduwa, su zuba 'ya'yansu, su shiga takawa. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa ɗaya. Wanda aka cinye ya tashi, mai bi ya zauna. Wani zai ce ai ƙasa ba ta ƙare ba, kowa ya haƙa nasa mana. Haka ne, yara ma suna haƙawa a bayan gari. Amma darar da ake maganarta a kasuwa, wadda in ka ci ake nuna ka da baki, ɗaya ce tak, ta gindin gawo. Lokacinta kuwa gajere ne, daga azahar zuwa la'asar. Da la'asar ta yi, masunta su tafi zuba taru, mu masu lambu mu koma ban ruwa, Azna masu bin addinin kakanni da ke zuwa daga ƙauyukan kusa su kama hanya tun da sauran rana. Duk wanda ya zauna yana dogon tunani, lokacin wani yake cinyewa.

Shi ya sa jinkiri yake da doka. Mai bi kaɗai ke da ikon yin magana. Da farko zai ce, "Rana na tahiya." In ba a motsa ba, ya ƙwanƙwasa ƙasa da bayan yatsu. In har yanzu shiru, ya miƙe ya ɗora ƙafarsa a bakin gurabun. Daga nan zaɓi biyu ya rage wa mai jinkiri. Ko ya taka ɗansa nan take, daidai ko kuskure, ko ya tashi da kansa ya ba da wuri ya koma bayan masu jira, kuma babu mai yi masa dariya. In ya ƙi duka biyun, ƙafa ta shiga ta share komai. Wanda aka share wa kuwa ba ya ƙara zama a wurin sai wani ranin. Ba sarki ne ya kafa wannan doka ba, ba kuma malami ba, haka muka tarar da ita.

Ni kam ban taɓa jin nauyin kowa a kanta ba. Na share wa wani dillalin gyaɗa daga Ɗan Issa, ya jefe ni da takalmi ya samu jakinsa. Na share wa wani kawun matata, ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwata. An sha fasa baki a kan wannan doka, an sha yaga riga, amma washegari kowa ya dawo, domin kowa ya san ba don ita ba da rabinmu ba za su taɓa kara ba har rani ya wuce.

Wannan rashin haƙuri a wurin yayana na koye shi, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin a ɗauke shi soja, babu mai saurin hannu kamarsa. Kafin ka janye yatsunka daga gurbi ya riga ya taka, yana kallon wani wuri yana hira. Yakan zauna tun azahar har la'asar ba a tashe shi ba. Mutum ɗaya ne kawai ke iya ja da shi, wani masunci sa'ansa, ƙato, mai wuya kamar turmi. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, kuma in sun haɗu a kan dara babu zagin da ba sa yi wa juna. Mutane sukan bar aikinsu su zo jin zagin kawai.

Sai Nasara suka zo ɗiban samari, suka tafi da shi. Ya daɗe. Bayan an gama babban yaƙinsu, kamyo, babbar motar kaya, ya sauke shi a Maradi, na je na ɗauko shi a kan jaki. Jikinsa bai rasa komai ba, sai wani tabo a saman kunne inda gashi ya ƙi fitowa. Amma hannunsa na dama yana rawa, kuma in ya fara magana sai ta tsaya masa a tsakiya, ya yi shiru yana kallon ƙasa, can kuma ya ɗora daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba. Ya shiga ɗaki ya ƙi fita. Wata rana wata yarinya ta saki kwanon ƙarfe a tsakar gida, sai ga shi ya fito da taɓarya, ya fasa randa, ya fasa tukunyar miya, ya karya ƙafar akuya, kafin mu taru mu danne shi. Da ya dawo hayyacinsa ya ga ɓarnar, ya koma ɗakin ya ja asabari. Daga ranar ko tuwo sai an yi da gaske yake taɓawa. Na ga yayana yana ƙarewa a gabana, ƙasusuwan wuyansa duk sun fito, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Masuncin nan ne ya fito da shi, ba ni ba. Ya tare ni a bakin tabki ina ɗibar ruwa, ya ce, "Kai ƙane, ka hwaɗa ma sojan nan naku, in bai baro dara a ƙasar Nasara ba, shi zo in koya mashi. In kuwa tsoro shika ji, shi ci gaba da zaman ɗaka kamar mai jego."

Na tsaya a ƙofar ɗaki na faɗa masa kalma da kalma. Washegari da azahar sai na ga ya fito ya sa riga.

Bai manta komai ba. Idonsa yana ganin abin da zai faru tun kafin abokin karawarsa ya yi tunaninsa, kuma har yanzu yana ci. Abin da ya lalace shi ne hanyar da ke tsakanin idon da hannun. Zai ɗauki kara, ya ɗaga, hannun yana rawa, sai ya tafi. Yana zaune a gabanmu, ido a buɗe, amma ba ya nan. Sai ya ga dama ya dawo, ya dasa karan daidai inda ya kamata. Wasa ɗaya nasa yakan cinye lokacin wasa uku. Da farko kowa ya yi haƙuri, ana cewa soja ne, a bar shi. Shi kuwa ya fara cin tuwo har ya nemi ƙari, ya fara wanka, ya fara gaida maƙwabta. Inna, da yake ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Amma ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Kada ka bari a raba yaron nan da gindin gawo. In ya koma ɗakin can, gawarshi za mu hiddo." Ni ma abin da na gani ke nan. In aka share masa, sai wani ranin, kuma ban ga alamar zai kai ba.

Haƙurin mutane kuwa yana da iyaka. Aka fara komawa gida ba a taɓa kara ba. Mai bi zai ce "Rana na tahiya" a hankali kamar mai roƙo, in ya yi ƙarfin hali ya ƙwanƙwasa ƙasa, daga nan ya tsaya yana satar kallona. Ni kaina ƙafata ƙaiƙayi take yi. Wallahi da wani ne ba shi ba, da tuni na share. Ran nan muna komawa gida na ce masa, "Yaya, in ka ji an ƙwanƙwasa, ka tashi ka ba su wuri. Ba abin kunya ba ne, ka koma baya ka sake zama."

Ya ce, "Ka taɓa ganin na tashi ba a cinye ni ba?"

"Amma kana daɗewa, Yaya."

Ya tsaya a tsakiyar hanya ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Ni? Ni nika daɗewa? Ai da na ɗauka nika dasawa."

A nan na gane abin da ya fi ƙarfina. Bai san yana tafiya ba. Shi a wurinsa ƙiftawar ido ce, kuma har yanzu shi ne mai saurin hannun nan na da. Muka ƙarasa gida ban gaya masa gaskiya ba.

Ranar da abin ya faru ana zafi mai tsanani, irin na gab da damina. Yayana yana karawa da wani dattijo Ba'azne, mutum mai sanyin hali, yana tauna tabarsa, sandarsa mai ƙarfe a kai tana ajiye a gefensa. Mai bi kuwa masuncin ne, wanda ya yi kwana da kwanaki yana zuwa yana komawa tabki bai zauna ba. Yayana ya ɗaga kara ya tafi. Dattijon ya tofar da taba ya sake cusa wata. Inuwa ta matsa har rana ta fara taɓa ƙafafun na gefe.

Masuncin ya ce, "Rana na tahiya, soja." Da ƙarfi ya faɗa, ba irin ta masu roƙo ba.

Shiru. Ya ƙwanƙwasa ƙasa. Na matsa kusa da masuncin na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ka san halin da shika ciki."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Na san shi tun kahin a haihe ka. Abin da aka yi ma kowa shi za ni yi mashi."

Ya miƙe ya ɗora ƙafa a bakin gurabun. Zan ba shi gaskiyarsa, ya jira fiye da yadda na taɓa jiran wani. Har ya ƙara abin da babu shi a doka, ya sunkuya ya ce, "Soja, taka ko ka tashi. Ka ji ni?" Leɓen yayana yana motsi, karan yana rawa a sama. Sai ƙafar ta shiga, ta bi layin farko, ta dawo ta na biyu, kara da aduwa suka watse.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na sa kai na daki ƙirjin masuncin, muka faɗa kan dattijon gaba ɗaya. Amma mai jan taru kullum ba sa'an mai ɗaukar tulu ba ne. Ya kama ni a wuya ya ɗaga ni, ya maka ni da saiwar gawo, na ji ƙaya ta shige mini baya. Ya naushe ni sau ɗaya, hancina ya fashe, haƙorana biyu na gaba suka koma ciki. Ya hau ƙirjina da gwiwa, ya ɗebi rairayi yana cusa mini a baki, yana cewa, "Natsu, yaro! Natsu!" Ni da natsuwa ba mu taɓa zama inuwa ɗaya ba. Na kama babban yatsansa da sauran haƙoran da ya bar mini, na datse har na ji ƙashi. Ya yi ƙara ya fizge, na sulale daga ƙarƙashinsa, hannuna ya faɗa kan sandar dattijon.

Kansa na nufa, ba zan ɓoye ba. Ya ɗaga hannu ya tare. Ƙarar da na ji irin ta busasshen icce ce in an taka shi, kuma hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Ya durƙusa yana kallonsa. Na sake ɗaga sandar, mutane suka rufe ni. Kafin a ƙwace ta ƙannensa sun iso daga bakin ruwa da sandunan tura jirgi. Ɗaya ya sauke mini a tsakiyar kai, jini ya rufe mini ido. 'Ya'yan baffana suka taso daga lambu da hauyoyi. Daga nan babu mai sanin wanda yake duka. An tsaga wa wani kunne, an karya wa wani haƙarƙari, wani tsoho da ya shiga rabo aka ture shi ya daki icce ya suma. Mutanen da suka yi sallar azahar a sahu ɗaya suna neman ran juna a kan ramukan da yaro zai haƙa da yatsa.

Abin da ya tsayar da mu ihu ne. Yayana ya cure a gindin gawo, ya rufe kansa da hannu biyu, yana kururuwa da harshen Nasara, kalma ɗaya yana ta maimaita ta, babu wanda ya san ma'anarta. Wandonsa ya jiƙe. Kowa ya tsaya da abin da ke hannunsa yana kallo. Masuncin, hannu yana reto, gumi yana zuba, shi ne ya daka tsawa ya ce, "Ku ruhe shi da riga, 'yan banza! Mi kuka kallo?"

Da yamma aka tara mu a zauren mai gari. Babu wanda ya so magana ta kai kunnen kwamandan Nasara a Maradi, domin shi ba ya tambayar wa ya fara, kaso zai zuba mu duka. Aka kira maɗori ya ja hannun, ya ɗaure shi da tsinken kara, muna jin gurnanin masuncin daga bayan zaure. Hukuncina shi ne in bar lambuna in shiga ruwa tare da ƙannensa, in riƙa kai rabonsa na kifi gidansa har ranar da zai iya jan taru. Na karɓa. Sai aka zo kan sharar. Wani dattijo ya ce an share an share, soja sai baɗi. Na miƙe, baki a kumbure, magana tana fita da jini, na ce, "Duk wanda ya ƙara ɗora ma yayana ƙahwa, wallahi daga idon sawu za ni sare ta." Mai gari ya tsawata mini, ya ce in zauna ko ya sa a ɗaure ni. Na zauna, amma kowa ya riga ya ji. A ƙarshe aka ce soja marar lafiya ne, doka ba ta hau kansa ba, ya zauna iyakar yadda yake so, kada wanda ya matsa masa. Na koma gida kai a ɗaure, ina jin kaina kamar wanda ya ciwo yaƙi. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Aikin ruwa ya gasa ni. Ban iya ba, kuma ƙannen masuncin ba su yi niyyar koya mini ba. Igiyar taru ta yayyanka mini tafi. Suka riƙa ba ni gefen da ya fi laka. Rana ɗaya babbansu ya kama ƙeyata ya danna ni cikin ruwa, ya riƙe har na fara ganin duhu, sannan ya sake ni ya ce ƙafarsa ce ta zame. A raina na ce ku yi duk abin da za ku yi, yayana dai yana da wurinsa.

Da yayana ya ɗan murmure na lallaɓa shi ya koma gindin gawo. Ina fitowa daga ruwa da hantsi, in kai kifi, in zo in tsaya a bayansa. Aka ba shi wuri tun kafin ya nema. Ya ɗaga kara ya tafi, babu wanda ya yi ko tari. Ya dawo ya dasa, aka ce madalla. Ya ci, aka ce madalla. Ba a zage shi ba, ba a yi masa ba'a ba, ba a gaya masa rana tana tafiya ba. Kwana kaɗan sai na lura masu jira suna raguwa. Wani zai tashi kamar zai kama ruwa, ba ya dawowa. Ashe sun haƙa sababbin gurabu a gindin wata tsamiya can gaba, kuma daga inda muke muna jin shewarsu da gardamarsu. Raina ya ɓaci. Na riƙa zuwa ina kamo mutum da hannun riga ina kawo shi ya zauna gaban yayana. Suna zuwa, don sun ga abin da sanda ta yi. Su zauna a takure, su taka duk inda hannu ya faɗa don a cinye su da wuri su tsira.

Yayana ba wawa ba ne. Ran nan ya dawo daga irin tafiyar tasa, ya ɗaga ido, ya ga wanda ke gabansa ba dara yake kallo ba, ni yake kallo. Ya waiwaya, ya ga babu kowa a bayansa sai ni. Iska ta kawo dariya daga gindin tsamiya. Ya dubi inuwa, ya ga inda ta kai, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce da mutumin, "Tun yaushe nika riƙe da karan ga?"

Mutumin ya ce, "Ba komi, soja. Yi a hankali."

"Mi ya hana ka magana?"

Mutumin ya sake satar kallona. Yayana ya ajiye karan a gefe, ya miƙe. Da wannan hannun mai rawa ya mare ni, mari ɗaya, a kan raunin da bai gama warkewa ba. Tun muna yara bai taɓa dukana ba. Ya ce, "Wa ya aike ka?" Ya wuce gida ya ja asabari.

Na yi kuka a ranar, kukan haushi, ni kaɗai a bayan lambu. Na zubar da jinina, na karya hannun mutum, na sha ruwan tabki, ga shi ya koma ɗakin da na yi duk wannan don kada ya koma. Inna ta daina yi mini magana sai da ido. Tuwo ya koma fitowa daga ɗakin kamar yadda ya shiga.

Ana haka, wata rana taru ya maƙale, muka makara, ban kai kifi gidan masuncin ba sai bayan azahar. Tun daga bakin danga na ji muryarsa, yana zagi da dukan ƙarfinsa.

"Rana na tahiya, ɗan banzan soja! Halan can ma haka kaka yi har anka gama yaƙin ba ka harba ba?"

Na leƙa. Suna zaune a ƙarƙashin rumfa, sun haƙa gurabu a tsakar gida kusa da inda ake shanya kifi. Hannun masuncin yana rataye a wuya da tsumma, yatsan da na ciza yana naɗe. Yayana yana riƙe da kara a sama, yana rawa. Masuncin ya ƙwanƙwasa ƙasa da hannun hagu, ya ƙara ƙwanƙwasawa, sannan ya miƙa ƙafa ya tokari gwiwar yayana da ƙarfi. Yayana ya zabura ya dawo.

"Na tahi?"

"Ka tahi har Katsina. Taka, ko wallahi in share, in ga wanda za ya karya mani ɗayan."

Yayana ya dasa karan da sauri, kuma kuskure ya yi. Masuncin ya jera uku ya cire masa ɗa, yana dariya har yana riƙe hannun don zafi. Yayana ya zage shi, ya zagi tarunsa da jirginsa, gumi yana tsatstsafo masa a goshi, yana sunkuye kan gurabun kamar zai cinye su. Tun da na ɗauko shi daga Maradi ban ga fuskarsa haka ba. A gefensa akwai akushi, an cinye abin da ke ciki.

Na yi sallama. Masuncin ya amsa. Yayana ya ɗago ya dube ni, ni da kwandon kifi a ka, laka har gwiwa. Na zaci zai ce in matso in gani. Ya ce, "Aje kihin ka tahi. Wasa muka yi."

Na ajiye na fita.

Har yau in an tambaye ni, ba na cewa na yi nadama. Wanda bai ga ƙafa tana share wa ɗan'uwansa abin da ya rage masa ba, kada ya koya mini haƙuri. Hannun masuncin ya ɗore a karkace, da shi ya ci gaba da jan taru. Yayana bai ƙara taka gindin gawo ba, bai kuma je tsamiya ba. A wannan tsakar gidan ya yi sauran dararsa, rani bayan rani, ana tokararsa da ƙafa yana dawowa, ya yi ƙiba, ya yi furfura. Mun zauna gida ɗaya, mun ci tuwo a akushi ɗaya, ni na yi masa wanka da ya rasu. Amma tun daga ranar marin, sau da yawa na haƙa gurabu a ƙofar ɗakinsa na zauna ina jira, bai taɓa zama a gabana ba.